Kabewar Ɗiyata da Miyar Baƙi

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kwashe kabewar da nake ciyar da ɗiyata, ya sa aka yi wa baƙinsa miya da ita. Da yarinyar ta yi kukan yunwa, ya toshe mata hanci da hannunsa aka ɗura mata kunu har ya bi ta hanyar numfashi. Abin da ya kashe ta ke nan. Mutanen garinmu sun ce kwananta ne ya ƙare. Na san da kwana, ni ma Musulmi ne. Amma na san hannun da ya riƙe hancin.

Bara aka zo aka ce mini yana kwance yana neman gafarata, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Elementare na fara ban gama ba, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Mu a nan kabushi muke cewa, amma kabewa zan rubuta don kowa ya gane.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, can gefen iyaka. Wanda ya fita da sassafe zai yi azahar a ƙasar Faransi, wadda a lokacin ake kira Dahome. Daga can na auro matata, 'yar Dandawa ce. Ta haifa mini ɗiya da rani, shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi. Da ruwan farko ya sauka ta tona gindin ɗakinmu ta zuba irin kabewa da ta zo da shi daga gidansu, ƙulle a bakin zane. Ta ce irin uwarta ne, cikinsa ja, ba ya ruwa. Kabewar ta kama bango ta hau jinka. Ita ba ta ga nunarta ba. Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama ta, bai sake ta ba sai a rami.

Ta bar mini yarinya ta fara koyon zama, ba haƙori ko ɗaya.

Gidanmu gandu ne. Ubanmu ya rasu, wana ne babba, maganarsa ce magana. Shi ne kuma wakilin mai gari, domin mai garin ya tsufa ya daina fita, kuma kowa ya san wana ya ƙwallafa rai a kan rawanin. Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin, babu nonon da za ta ba wata. Aka gwada kunun gero, yarinya ta yi amai. Aka gwada na dawa, ta yi ta zawo har idonta ya faɗa. Matata ta bar akuya mai shayarwa, amma abin da ake tatsa bai fi cikin ludayi ba. Ina kallo wuyan yarinya ya zama kamar na ɗan tsako.

Sai surukata ta zo daga ƙetaren iyaka, da ƙafa, ɗauke da kabewa a ƙwarya daga lambunta na bakin rafi. Ta zo ne ta tafi da jikarta, yadda aka saba idan uwa ta mutu. Wana ya tare ta a zaure.

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Amma jininmu ba shi ƙetare iyaka. Ku kun samu naku 'yanci, mu ma namu na tahe, an ce ma rufe hanya za a yi. In bar ɗiyar gidanga ta tashi tana Faransanci?"

Tsohuwar da ko gaisuwar Faransanci ba ta sani ba. Ta dube shi, ta dubi ƙasa. Ta shigo cikin gida ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakina.

Tsakanina da ita akwai kunya. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa kallon tsakar idonta ba, ita ma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ran nan ma ba ta karya ba. Ta ɗora jikarta a cinya, da ita ta yi ta magana, da Hausarta mai gargada, ni kuwa ina tsugune a gefe kamar mai jiran hukunci.

Ta ce, "Ke, gaya wa babanki ya buɗe ido, ni ba zan kwana nan ba. Gaya masa ya danna farce a bayan kabewa. In farce ya shiga, ba taki ba ce, ta miya ce."

Ta fasa ɗaya da wuƙa. Ta yanko ɗan siriri ɗanye ta tauna, ta miƙo mini wani ta bayan hannu ba tare da ta juyo ba.

"Gaya masa kullum ya fara ɗanɗanawa. In ya ji ɗaci ko kaɗan ya zubar da ita duka, ko akuya kada ya ba."

Ta kankare 'ya'yan da zaren ciki tas. Ba ta jefa kabewar cikin ruwa ba, ta ce ruwa yana wanke ƙarfinta. Madambaci ta nema, ta ɗora shi a bakin tukunya, ta liƙe tsakaninsu da tsumma, ta jera yankan kabewa a ciki da ɓawonsu, ta rufe da faifai. Tururi kaɗai ya dafa ta. Da ta yi laushi ta kwashe naman da ludayi ta bar ɓawon, ta murje shi a rariya har ba gudaji ko ɗaya. Ta tafasa ɗan nonon akuyar nan ta zuba, ta ɗiga man shanu kamar ƙwayar gyaɗa. Ba gishiri, ba kanwa, ba daddawa, ba yaji. Ta ɗiga a bayan hannunta ta ji zafin. Sannan ta ciro ɗan cokalin itace daga lalitarta, ƙarami, bakinsa ya sha jiki ya yi santsi.

"Gaya masa ya taɓa miki leɓe da cokali, ya jira. In kin buɗe ya ba ki. In kin haɗiye ya ƙara. In kin juya kai ya dakata. Ta safe ba ta kai yamma, ta yamma ba ta kwana. Kuma ki gaya masa," nan ta ɗaga murya yadda za a ji har zaure, "kada wanda ya yi miki ɗura. Ƙirjinki ƙarami ne."

Wanda bai san ɗura ba, ga yadda ake yi a wajenmu. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa a cika da kunu, a toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman iska sai kunu ya wuce. Da yawanmu haka aka yi mana muka rayu. Waɗanda ba su rayu ba, ba a lissafa su.

Yarinya ta karɓi cokalin farko ta yamutsa fuska, ta turo shi waje da harshe. Tsohuwa ta kwashe daga haɓarta ta mayar. Ta haɗiye. Ta buɗe baki da kanta. Ran nan ba ta yi amai ba. Surukata ta ajiye cokalin a bakin ƙwarya, ta ɗaura zanenta, ta kama hanyar iyaka tun kafin la'asar.

Daga nan aikin ya zama nawa. Da safe kafin in tafi gona, da la'asar in na dawo. Na kafa murhu a bayan ɗakina. Farkon fari na ƙone hannu, na bar gudaji, wata rana tururi ya tsere ta gefen tsumma kabewa ta fito rabi ɗanya. Amma na iya. Har na gane ta wace rana za ta ci da yawa daga yadda take bin cokali da ido. Kumatu suka dawo. Kashinta ya daidaita, ya zama ja kamar abin da take ci, ni kuwa har murna nake in na gani, abin da ban taɓa zaton namiji zai yi murna da shi ba. In ta ji ƙarar ludayi a rariya sai ta fara buga ƙasa da tafin hannu.

Matar wana ba ta bar ni na huta ba. Dama akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta. In ta fito ta gan ni ina fifita wuta sai ta ce, "Ina kwana, Inna mai gemu? An ɗora sanwa?"

In ce, "An ɗora. Ke dai ja tulun cikinki ki ba ni wuri, kin tare min iska."

Ta ce, "Wallahi zane ya rage a ɗaura maka. Bari in haihu in kawo maka nawa, ka haɗa su biyu."

Ita da wasa take yi. Har takan tsaya ta riƙe mini rariya, da haka ta koyi yadda ake yi. Wana kuwa ba da wasa yake ba. Yarinyar ɗiyar fari ce, kuma a wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari gaban mutane, ba ya yi masa wasa, ba ya ko kiran sunansa. Wata rana ya shigo da wasu dattawa ya tarar da ita a cinyata ina ba ta, ina kiran sunanta ina lallashi. Bai yi magana ba sai da suka tafi.

Ya ce, "Kai, mi ke damunka? Ɗiyar fari fa ta. Ubanmu har ya mutu bai taɓa kiran sunana ba, na lalace? Gari duka ana faɗin ƙanin wakili ya koma mace. In dafuwar ta zama dole, yi ta bayan ɗaki. Amma kada in sake jin sunanta a bakinka cikin gidanga."

Na ce, "To, Yaya."

Daga ranar sai in ce mata "ke". Da "ke" ta saba har ta bar duniya.

Ƙarshen daminar nan ruwa ya yi yawa. Kogi ya cika ya haura fadamu, ya cinye shinkafa a wajen Kaoje, ya ruɓar da duk kabewar da aka shuka a ƙasa. Ta matata kuwa tana kan jinka, ba abin da ya same ta. Na bar su suka nuna sarai, na yanke kowace da mariƙinta don kada ta ruɓe, na shimfiɗa yashi a ƙarƙashin gado na jera su ba mai taɓa wata. Na duba na ga za su kai mu har ta yi haƙora ta fara cin tuwo. A garin duka ba mai kabewa sai ni, kuma kowa ya sani, domin kowa ya gan su a kan ɗaki.

Sai aka sa ranar bikin 'yancin kai. Aka ce manyan baƙi za su zo daga wurin hakimi su kwana a garinmu, kuma a gidan wakili za su sauka. Wana ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa aka yi wa zaure sabon yaɓe, ya sayi rago. Ya kira ni.

Ya ce, "Tuwon shinkafa za a yi musu da taushe. Ka ba mata kabewar nan."

Na ce, "Yaya, abincin yarinya ne."

Ya ce, "Kabewa abinci ta? Kayan miya ne. Yarinya ta yi ƙwari, ta sha kunu kamar 'ya'yan kowa."

Na ce, "Kunu ba ya zama a cikinta, kai ma ka gani. A yi musu miyar kuka ko ta guro. In dole ne, ɗauki ɗaya."

Ya ce, "Ɗaya? Mutanen hakimi zan ba miyar kuka, su koma su ce mi?"

Na ce, "Su ce abin da suka ga dama."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba sai ran nan. Ya dube ni ya daɗe, ya ce shi ke nan, tashi. Na ɗauka maganar ta mutu.

Da biki ya matso ya sake kirana, fuska a sake. Ya ce an aiko da 'yan tutoci da kofuna da za a raba wa yara, suna Kaoje, kuma sai wanda ya iya sa hannu a takarda zai karɓo. A gidanmu ni kaɗai na iya. Na ce yarinya fa? Ya ce ga matarsa, ba ta iya ba? Na je na same ta na nuna mata wadda za ta fasa, na ba ta cokalin a hannu. Ta ce, "Tahi abinka, Inna mai gemu, ɗiyarka ba ta ramewa."

Hanya ta ɓaci da ruwa. Inda ake takawa da ƙafa sai da na jira jirgin masunta, a dawowa ma haka. Tafiyar da na yi zaton ta kwana ɗaya ce ta ja. Ranar bikin na iso da hantsi, da buhun kofuna da tutoci a ka. Tun daga bayan gari nake jin kalangu. Da na shiga gida ƙanshin taushe ya tare ni. A bakin juji na ga awaki sun taru suna cin ɓawon kabewa, tuli guda. Na san ɓawon. Ni na juya kowace da hannuna a kan jinka don rana ta dake ta ko'ina.

Na jefar da buhun na shiga ɗaki. Ƙarƙashin gado yashi ne kawai da gurbin inda suka zauna.

Yarinya tana ɗakin matar wana, kwance a tabarma. Ba ta kuka. Numfashi take ja da ƙyar, ƙirjinta yana kurkur kamar tukunya ta kusa tafasa, haƙarƙarinta suna shiga suna fita. Jikinta zafi kamar an ciro ta daga murhu. A gefen hancinta ga busasshen kunu. Matar wana tana zaune ta haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "Wa ya yi mata ɗura?"

Ta fashe da kuka. Da ƙyar na haɗa maganar. Ashe ranar da na tafi Kaoje, ina fita baƙi suka iso. Wana ya shiga ɗakina da kansa da kwando, ya kwashe duka, ya raba wa matan da ke girki. Ta roƙe shi ya bar ko ɗaya, ya ce baƙi sun fi yadda aka zata. Ta ɓoye wani yanki a ƙarƙashin faifai, shi ta ba yarinya ranar farko. Washegari babu. Ta ba ta ɗan nonon akuya, bai kai ko'ina ba. Ta gwada kunu da cokali, yarinya ta rufe baki ta juya kai. Ta yi ta tsala kuka, kuma ɗakin yana jingine da zauren da baƙi suke. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce, wakili, gidanka ba a ba yara abinci ne? Sai ga wana ya shigo ransa a ɓace.

"Ya ce in ɗura mata. Na ce kakarta ta hana. Ya ce kakarta ke aure na ko shi? Na tara hannu, amma na kasa kama hancin, wallahi na kasa. Sai shi ya kama. Tana shure-shure yana cewa ƙara, ƙara. Sai ta sarƙe, ta yi baƙi, kunu ya fito ta hanci. Da ta dawo ba ta sake kuka ba. Ya ce, to, kin gani, ta yi shiru."

Na fita tsakar gida. Mata suna ta kwasar tuwo, miya a manyan tukwane ta yi ja, mai yana yawo a kai. Na bi su ɗaya ɗaya ina tambaya ko akwai sauran kabewa ɗanya. Wata tsohuwa ta tono mini wani yanki daga cikin kwandon shara, bai kai tafin hannu ba. Na wanke shi. Na hura wuta a bayan ɗakina, na ɗora madambaci, na liƙe da tsumma. A waje ana ta harba bindigar gargajiya, yara suna ihu da tutocin da na ɗauko. Na murje, na sa nono, na ɗiga a bayan hannu. Na ɗauke ta na taɓa mata leɓe da cokali, na jira.

Ta buɗe ido ta gan ni. Ta buɗe baki kuma, don ta san cokalin. Amma ba ta iya haɗiyewa ba. Numfashi bai bar mata wuri ba. Kabewar ta zauna a kan harshenta, ta gangaro ta gefen baki. Na goge na sake gwadawa. Haka.

Ɗakin shan magani mafi kusa yana bayan ruwan da na ƙetaro. Na saɓa ta a kafaɗa na fita ta gaban zaure, gaban baƙi, gaban kowa. Wana yana zaune cikin babbar riga yana wanke hannu. Ya ce, "Ina za ka da ita haka cikin mutane?" Na wuce. Ban kai bakin ruwa ba na ji kurkur ɗin nan ya tsaya a kafaɗata. Rana tana tsaka. Na tsaya a hanya na daɗe, sannan na juyo da ita.

Aka binne ta da la'asar, da sauri, don kada a ɓata wa baƙi biki. A bakin kabari wana ya dafa ni ya ce, "Kwananta ya ƙare. Ka riƙe kanka, ɗiyar fari ta, kada mutane su ga hawayenka. Allah ya ba ka wata." Hannunsa yana ƙanshin man shanu da daddawa.

Bayan an share makoki na ƙetare iyaka na je na gaya wa surukata. Ba a rufe hanyar ba, ba a taɓa rufe ta ba. Na tsuguna a ƙofar ɗakinta na faɗa wa ƙasa abin da ya faru. Yanzu babu jikar da za ta yi magana ta bakinta. A karo na farko ta dube ni a ido ta ce, "Kabewar ta ƙare ne?" Na ce ba ta ƙare ba, baƙi suka ci. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ban koma gandu ba. Na bar masa gonar da ɗakin da akuyar, na koma Lafagu na koyi ɗinki. Na sake aure, na haifi 'ya'ya, dukansu da kabewa aka yaye su, kuma duk ina kiran sunansu, na fari ma, wanda ya ga dama ya yi magana. Wana ya samu rawaninsa. In mun haɗu a jana'iza mu gaisa kamar mutanen kasuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ina jin a wurinsa ba a yi komai ba.

Bara ina kan keken ɗinki sai ga matarsa a ƙofar shago, ta tsufa ta rankwafa. Ta ce, "Inna mai gemu, gemun ya yi fari." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ta ce ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Tuwo ba ya wucewa. Kunu kuwa in an ba shi sai ya sarƙe ya yi ta tari har ido ya fito. Ya rame ya zama ƙashi. 'Ya'yansa sun ce a riƙa ɗura masa ko ya samu abin riƙe ciki, ita ta ce sai bayan ranta. Ta gwada yi masa kabewa amma ya ƙi karɓa. Sunana yake ta kira da rabin baki, yana cewa a zo da ni ya nemi gafara.

Na ce mata ta tafi, zan zo. Na shiga kasuwa na bi masu kabewa ina danna farce har na samu wadda ta ƙi. Na buɗe akwati na ciro cokalin.

Na isa da hantsi. An shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, an jingina shi da matasai. Liman yana nan, da 'ya'yansa, da wasu dattawa, duk an taru a ga 'yan'uwa sun shirya. Ban zauna ba. Na ce a kawo mini madambaci da rariya, a hura wuta nan tsakar gida inda zai gani. Na fasa, na ɗanɗana, na kankare, na turara, na murje. Ba wanda ya ce ƙanin mai gari ya koma mace. Na ɗiga a bayan hannu. Na zo na tsuguna a gabansa, na taɓa masa leɓe da cokali, na jira.

Ya dubi cokalin. Ban sani ba ko ya gane shi. Ya buɗe baki. Ya daɗe yana juya ta kafin ta wuce, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Rabi ya gangaro ta gefen da ya mutu, na kwashe daga haɓarsa na mayar. Ya juya kai, na dakata. Ya juyo, na ƙara. Haka har ya cinye abin da ke ƙwaryar, bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Matarsa tana bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Ya kama hannuna da hannunsa mai rai, ya ce, da ƙyar, "Ka... yahe min."

Liman ya ce, "Alhamdulillahi. To, malam, ka ji. Ɗan'uwanka ne, kuma ga halin da yake ciki."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Yaya, ka ga yadda na ba ka? Na jira ka buɗe da kanka. Na jira ka haɗiye. Ka juya kai na dakata, ka zubar na goge. Ban taɓa hancinka ba. Iyakar abin da ta nema a wurinka ke nan, ita da ba ta da bakin faɗa. Kabewa zan riƙa zuwa ina dafa maka har ranar da ka daina haɗiya, don ciki ɗaya muka fito, kuma ba mai yi maka ɗura ina raye. Amma gafara ban zo da ita ba. Ba hancina ka toshe ba. Mai hancin tana gaba, za ka iske ta."

Na sunkuya na faɗa masa sunanta, da ƙarfi, a cikin gidan da ya hana ni faɗa.

Na ce, "Riƙe shi da kyau. Da shi za ka neme ta."